Yadda Ake Faɗin "Sake Sayarwa" a Kasuwannin Kano: Sari, Dillanci, Na Hannu da Yadda Ake Aiki da Kowannensu

Idan aka tambayi Bahaushe yadda ake faɗin cewa mutum ya sayi abu sannan ya sayar da shi ga wani, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "sake sayarwa", kuma babu wani kuskure a cikinta ta fuskar nahawu. Sai dai wanda ya zauna a bakin shago a Kantin Kwari ko a Singa tun daga hantsi har zuwa la'asar yana iya tashi bai ji kowa ya furta ta ba, alhali kuwa kusan duk hada-hadar da ake yi a wurin ita ke nan. Abin da zai riƙa ji shi ne "na saro", "sarar mini", "dillanci nake yi", "ta hannu ce", "gwanjo ne". Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da amsar wata tambaya wadda "sake sayarwa" ta bari a buɗe, wato kayan na waye a lokacin da ake sayar da su, kuma wa zai kwana da asara idan suka yi kwantai ko suka lalace. Wannan bayani an tsara shi ne domin sabon shiga kasuwa, da mai rubuta tallan kaya, da duk wanda ke son ya sa kalmar a gurbinta.

Mataki na farko: ka san ginin kalmar kafin ka furta ta

Tushen maganar shi ne aikatau "saya". Daga gare shi aka samu "sayo", idan an sayi abu an taho da shi, da "saye", da kuma "sayar", wanda ke nuna fitar da abu daga hannun mai shi. Idan abin da aka sayar ya biyo baya a cikin jimla, dole ne a sa "da" a tsakani, a ce "ya sayar da keken" ko "ta sayar da ita". Idan za a ambaci wanda aka sayar wa, sai ya shiga tsakiya, a ce "ya sayar mini da keken". Idan kuwa babu abin da ya biyo baya, sai a ce "ya sayar", ko kuma "yana sayarwa" idan aikin yana gudana. Kanawa a baki sun fi cewa "sai da", amma a rubutu na tsanaki ya fi kyau a bar ta, domin tana karo da wata "sai da" ɗin ta daban, irin ta "sai da ya zo muka tafi". Haka nan "siya" da "siyar" da suka cika saƙonnin waya bin lafazi ne kawai. Daidaitacciyar Hausa "saya" da "sayar" take rubutawa.

Idan aka ɗora "sake" a gaba, sai a samu "ya sake sayar da motar". A nan ne matsala take, domin jimlar tana da fuska biyu. Tana iya nufin ya sayi motar daga wani sannan ya sayar, tana kuma iya nufin ya taɓa sayar da ita, aka dawo masa da ita, ya ƙara sayarwa. Akwai ma fuska ta uku mai muni, wato ya sayar wa mutum biyu abu ɗaya, kamar yadda ake yawan ji a rikicin filaye. Saboda haka duk inda rubutun zai zama hujja, kada ka bar "sake sayarwa" ita kaɗai. Ka faɗi daga wa aka saya, aka kuma sayar wa wa.

Kalmar da ta keɓanta da sayen kaya da niyyar sayarwa ita ce "sari", kuma aikatau ɗinta yana sauya ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo shi. Ana cewa "na sari atamfa", "na sare ta da araha", "wannan ce atamfar da na sara". Idan an je an taho da kayan sai a ce "na saro", kuma wannan ce siffar da ta fi yawo a bakin mutane, tunda galibi sari tafiya ce da dawowa. Wanda ke sayar wa 'yan sari kuma shi ne ke "sarar da kaya". A rubuce kalmar ta yi kama da saran itace ko saran maciji, amma a baki mai saran itace yana jan wasalin farko, kuma ko babu wannan, abin da ya biyo bayan kalmar yana raba gardama. Kishiyar sari ita ce sayen ɗai-ɗai, shi ya sa masu tallan shaguna a gidajen rediyon Kano ke yawan cewa akwai sari akwai sayen ɗai-ɗai.

Mataki na biyu: ka tambayi kanka kayan na waye

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Idan ka biya kuɗi, ko ka karɓi kaya bashi a kan tsayayyen farashi, kayan sun zama naka, kai ɗan sari ne. Riba taka ce, asara ma taka ce, kuma mai shago ba ya da ikon tambayarka nawa ka sayar. Idan kuwa kayan suna nan a matsayin mallakar mai su, kai nema musu mai saye kawai kake yi, to dillali ne kai, abin da za ka samu kuma la'ada ce, ba riba ba. Dillali bai sake sayar da komai ba, domin tun farko bai saya ba. Dillaliyar da ke zaga gidaje a cikin birni da zannuwa da kwanuka da 'yan kunne na matan aure tana cikin wannan rukuni, kuma idan kayan ba su shiga ba takan mayar wa mai su.

Na ga illar rashin bambance waɗannan biyun a cikin gidanmu. Wani ɗan yayata ya karɓi turmi ashirin na atamfa daga wani mai shago ana saura mako uku sallah, a zatonsa abin da bai shiga ba zai mayar. Ya sayar da goma sha uku, bayan sallah ya ɗauki bakwai ya kai, sai mai shagon ya dube shi ya ce, "Yaro, ai sari ka yi, ba dillanci na ba ka ba." Babu takarda, babu shaida, kuma da aka bi diddigin maganar da suka yi ranar karɓar kayan, sai aka tarar da bakinsa ya ce "a sarar mini". Kalma ɗaya ta ɗora masa kuɗin turmi bakwai na zanen da yayinsa ya wuce. Da ya ce, "Alhaji, a ba ni in gwada, wanda ya rage in dawo da shi," da magana ta sha bamban. Irin wannan sharaɗi ana yin sa a kasuwa ƙwarai, amma sai an furta shi a fili kafin kaya su bar shago.

Tsakanin ɗan sari da dillali akwai wasu mutane da ya kamata ka san sunayensu. Akwai 'yan kayi-nayi, waɗanda ba su da shago amma sun san inda kowane kaya yake. Sukan tare baƙo, su ɗauko masa abin da yake nema daga shagon wani, su ɗora nasu a kai. Akwai ɗan baranda, wanda ke saye daga hannun wanda ya kawo dabba ko hatsi, ya juya ya sayar a cikin kasuwar nan take ba tare da ya kai ko'ina ba. Akwai kuma yaron shago, wanda ke sayar da kayan maigidansa, ba shi da riba ba shi da la'ada sai abin da suka shirya a tsakaninsu. Wannan rabe-rabe ba sabon abu ba ne a Kano. Kasuwar Kurmi ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma fataken da ke kawo goro daga Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, a hannun fatoma, wato masu masaukin fatake, da dillalai suke sauka, su kuma su haɗa su da masu sari. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara, daga baya kuma, bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya shahara da sayen gyaɗa yana kai wa kamfanonin Turawa.

Mataki na uku: ka je inda ake sarin abin da kake so

Sari ba ya yin riba sai an saro daga kusa da tushe, domin kowane hannu da kaya suka bi ta cikinsa ya ɗora nasa. A Kano kowane irin kaya da mazauninsa. Atamfa da shadda da leshi da yadi suna Kantin Kwari. Sukari, taliya, madara, sabulu da sauran kayan masarufi na katan suna Singa. Hatsi, wake, riɗi da zoɓo suna Dawanau a kan hanyar Katsina. Tumatir, attaruhu da albasa suna 'Yankaba, kayan marmari kuma suna 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Gwanjo da robobi ana samunsu a Ƙofar Wambai, kayan gyaran mota da kayan gini a Ƙofar Ruwa, wayoyi kuma a Farm Centre da titin Beirut.

Kowace kasuwa tana da ma'aunin da take sari da shi, kuma wanda bai ambaci ma'aunin ba ya tona wa kansa asiri cewa baƙo ne. Turmin atamfa yadi shida ne, dozin guda goma sha biyu, kiret ɗin ƙwai guda talatin, jarkar mai lita 25, buhun shinkafar kamfani kilo 50, babban buhun hatsi kuwa ana ƙiyasta shi a kan kwano arba'in. Gwanjo da dila ake sarinsa, kuma dila a ɗaure take, ba ka ganin cikinta sai ka kwance, don haka sabon shiga ya fi dacewa ya fara da tsinta daga hannun wanda ya riga ya fasa dila, ko da kuɗin ya ɗan ɗara. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka zaga shago uku ko huɗu ka ji farashi, ka kuma duba ranar ƙarewar aiki da lambar hukumar NAFDAC a jikin duk abin ci ko na shafawa. Katan ɗin da aka karyar maka da farashinsa fiye da kima sau da yawa kwanakinsa ne suka kusa cika, kuma a hannunka za su cika.

Mataki na huɗu: ka fitar da uwar kuɗi ta gaskiya

A nan ne jarin mutane da yawa ke karyewa ba tare da sun san ta inda aka hau su ba. Uwar kuɗi ba ita ce abin da ka miƙa wa mai shago kaɗai ba. Ita ce duk abin da ya fita daga aljihunka har kayan suka iso inda za ka sayar. Bari mu ɗauki misali da lambobin da aka ƙaddara domin lissafi kawai. A ce ka saro buhun gero a Dawanau a kan naira 40,000, ka biya ɗan dako 500, ka biya kuɗin mota 1,500 zuwa unguwarku. Uwar kuɗinka ta zama 42,000. Wanda bai ƙware ba zai raba 40,000 gida arba'in, ya ga kwano ya kama 1,000, ya sa shi 1,100, ya kwanta yana lissafin ribar dubu huɗu. Amma idan aka fara awo, tsakanin ƙura da tsakuwa da abin da ya zube da gyaran da ake yi wa masu saye, yana iya tashi da kwano 38. Kwano 38 a kan 1,100 ya ba da 41,800. Ya yi wahalar mako guda ya faɗi da naira ɗari biyu, sai dai abin da zai samu idan ya sayar da fankon buhun. Lissafin da ya dace shi ne a raba 42,000 gida 38, wanda zai ba da kimanin 1,105, sannan daga nan a fara maganar riba.

Akwai kuma wani lissafi na biyu wanda kasuwa ta koya wa mutane da ƙarfi tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota da farashin kaya suka riƙa tashi cikin 'yan kwanaki. Mutum zai sayar da katan goma da riba a kan farashin da ya saro, ya koma Singa da kuɗin, ya tarar katan takwas kawai za su saya masa. A littafi ya ci riba, a shago kuwa kaya sun ragu. Saboda haka kafin ka yanke farashi ka kira wanda kake sari a wurinsa ka ji yadda kasuwa ta kwana. Wannan a ganina kare jari ne, kuma ya bambanta da ɓoye abinci a rumbu ana jiran mutane su shiga matsi, wanda addini ya hana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar wasu ta bin kasuwa da gudu idan ta hau, su kuma yi kunnen uwar shegu idan ta sauka, suna cewa tsohon kaya ne a hannunsu.

Idan kayan da ke hannunka masu lalacewa ne, kamar tumatir ko ayaba, ka sa wa ranka tun farko cewa na ranar farko ne za su biya asarar na rana ta uku. Idan kuma masu yayi ne, kamar atamfa da mayafi, gara ka karyar da ragowar a kan uwar kuɗi ka juya jarin da ka zauna kana gadin kwantai.

Mataki na biyar: ka yi cinikin da harshensa

Bayan sallama da gaisuwa, abu na farko da za ka faɗa shi ne cewa sari ka zo yi, domin farashin sari daban yake da na ɗai-ɗai, kuma ba a buɗe maka shi sai ka nema. Ana iya cewa, "Alhaji, sari nake so, turmi goma, a yi mini yadda ni ma zan samu." Idan mace ce mai kayan sai a ce Hajiya, idan sa'a ne a ce Malam. Mai kaya zai faɗi kuɗi ko ya ce ka taya. Idan tayinka bai kai ba zai ce "albarka", wanda ke nufin bai sayar ba amma ƙofa a buɗe take, sai ka ƙara. Idan ya kai zai ce "na sallama", ku yi wa juna addu'ar Allah ya sa albarka, daga nan ciniki ya faɗa. Ka lura cewa tayi alkawari ne; idan ka taya aka sallama maka sannan ka zame, ka zubar da mutuncinka a layin gaba ɗaya, kuma kasuwa ba ta mantuwa. Idan kuɗinka bai cika ba, kana iya ba da kafin alƙalami a ajiye maka kayan, amma ku fayyace ranar cikawa da makomar kuɗin idan ba ka dawo ba.

Idan kai ne kuma ka juya kana sayarwa, akwai jimla ɗaya da ya kamata ka yi hattara da ita, wato "haka na saro". Kana da damar ka ƙi faɗa wa kowa nawa ka saro. Ka sa kuɗinka, mai saye ya taya, wannan ciniki ne halattacce. Amma da zarar ka ce "dubu goma na saro, ka ɗora mini ɗari biyar", ka shiga wani nau'in ciniki da malaman fiƙihu ke kira murabaha, wanda aka gina shi kacokan a kan amanar abin da ka faɗa. Idan dubu tara ka saro, wannan ƙarya ce da ta shiga cikin ƙashin cinikin, ba salon magana ba. Haka rantsuwar da ta zama ruwan dare, ta "wallahi ko uwar kuɗi bai kai ba", hadisi ya nuna cewa irinta tana shigar da kaya amma tana shafe albarka. Haka kuma an hana a haɗa baki da wani ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, domin a ruɗi mai saye na gaskiya.

Mataki na shida: ka karɓi kaya kafin ka sayar

Wannan ya fi shafar masu sarin abinci. Hadisin da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar ya hana wanda ya sayi abinci ya sayar da shi kafin ya karɓe shi cikakke, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantawa a zaurukan Kano, wannan hani ya tsaya a kan abincin da aka saya da awo ko nauyi ko ƙirga. Ma'anarsa a aikace ita ce, idan ka sayi buhu ashirin na masara ta waya, kada ka juya ka sayar wa wani alhali ba a auna an ware maka su ba, kai ko wakilinka. Ko a ajiye maganar hukunci a gefe, hikimar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa ganin buhu ɗaya ya bi ta hannun mutum huɗu a baki, ranar ɗauka kuma aka nemi kaya aka rasa. Hausawa sun daɗe da yi wa wannan suna, cinikin biri a sama. An kuma hana tare masu kawo kaya a hanya a saye daga hannunsu kafin su shiga kasuwa su ji farashi, kuma wannan shi ne iyakar da ɗan baranda ya kamata ya kiyaye.

Masu sana'a ta WhatsApp da Instagram, waɗanda ke ɗora hoton kayan da ba su mallaka ba, hanya mafi tsabta gare su ita ce su daidaita da mai kayan a kan cewa su wakilai ne masu la'ada, ko kuma su gaya wa mai saye gaskiya cewa sai sun je sun saro. A rubuta "ana kawowa bayan an yi oda", kada a rubuta "akwai a ƙasa" alhali babu.

Mataki na bakwai: idan abin an riga an yi amfani da shi

A nan ba a cewa sari sai idan da yawa aka saya domin kasuwanci. Wanda ya gaji da wayarsa ya kai ta kasuwa sayar da ita kawai ya yi, wayar kuma ta zama ta hannu. Ana cewa mota ta hannu, firji na hannu, kaya na hannu. Gwanjo ya fi tafiya da tufafi da takalma da jakunkuna da aka shigo da su daga waje, sannan yana nufin sayarwar da ake yi a bainar jama'a ga wanda tayinsa ya fi na kowa, kamar yadda ake gwanjon tsofaffin motocin ma'aikata. Abin da ya mutu ɗungurum kuma sai 'yan gwangwan, su da nauyin ƙarfe suke saye.

Mai sayen kayan hannu domin ya sayar yana fuskantar haɗari biyu, aibi da sata. Game da aibi, ka gwada komai a gaban mai shi, idan ka tashi sayarwa kuma ka faɗi abin da ka sani, domin ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da ya riga cinikin. Jimla irin "an taɓa canza mata gilashi, batirinta kuma ya ɗan yi sanyi" tana rage 'yan kuɗi, amma tana hana dawowa da rigima. Game da sata kuwa, karɓar kayan da aka san na sata ne laifi ne a dokar ƙasa, kuma araha mai yawa ita ce alama ta farko. Idan waya ce, ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit, ka sa mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud da hannunsa a gabanka. Wanda ya ce ya manta lambar sirri, ka bar masa kayansa. Idan mota ce ko babur ko adaidaita sahu, ka gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke cikin takardu, ka nemi takardar kwastan idan daga waje aka shigo da ita, ka kuma yi takardar canjin mallaka. Karin maganar nan ta cewa sayen nagari mai da kuɗi gida a kan irin wannan ciniki ta fi zama daram, domin abin da ke da inganci da cikakkun takardu shi ne ke fita da sauri ranar da ka tashi rabuwa da shi.

Mataki na takwas: ka rubuta, kuma ka sa kalmar da ta dace

Ƙaramin littafi ɗaya ya isa. A kowane shafi ka sa ranar da ka saro, daga wa, nawa, kuɗin dako da na mota, sannan abin da ka sayar da wanda ya ci bashi. Wannan littafi shi zai taimake ka ranar fitar da zakka, domin mai shagon da ke jujjuya kaya kullum yakan ƙiyasta kuɗin kayan da ke hannunsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar kuɗinsa, idan sun kai nisabi ya fitar da kashi ɗaya cikin arba'in.

Idan kaya za ka karɓa ba tare da biya nan take ba, layi uku a takarda sun wadatar, muddin kalmar farko ta fito sarai. Idan sari ne a rubuta: "Na sari turmi 20 na atamfa daga hannun wane a kan naira kaza kowane turmi, bashi, zan biya ranar kaza." Idan dillanci ne a rubuta: "Na karɓi turmi 20 na atamfa mallakar wane domin in sayar masa a kan naira kaza kowane turmi, la'adata naira kaza ce a kan kowane turmi, wanda bai shiga ba zan mayar ranar kaza." Idan sari ne mai sharaɗin mayarwa, a ƙara cewa mai kaya ya yarda zai karɓi abin da ya rage matuƙar ba a yanka ba kuma bai ɓaci ba, a kuma sa ranar ƙarshe ta mayarwa. Ku biyun ku sa hannu, maƙwabcin shago ya sa nasa a matsayin shaida, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa kafin ɗan dako ya ɗaga kayan.